Saƙar kalmomi mai ƙulli: Wasan da zai haɗa kaka da jika a Suleja

Duk wanda ya san asalin sunan Suleja ya riga ya warware kacici-kacici guda, ko da bai lura ba. A ɗauki Sule, wato Sulaimanu a taƙaice, a liƙa masa ja, sai ga sunan gari ya fito. Haka tsohon sunan garin yake: Abu da ja, daga Abubakar Ja wanda ya kafa shi a 1828. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawara a 1976 cewa za a gina sabon babban birnin tarayya, sai aka ba birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

To, a ce an zana wa mai karatu gurabe shida a jere, aka rubuta a gefe: “Sulaimanu a taƙaice da launin jini, gari ne (6).” Wannan ita ce siffar tambayoyin wasan saƙar kalmomi mai ƙulli, nau'in da ya fi tsauri a cikin wasan cike gurabe da masu karanta jaridun Turanci suka sani da kuroswod. Ana zana gidan dara, a cike shi da kalmomin da ke ratsa juna, wasu a kwance wasu a tsaye. A nau'in da aka fi sani, tambaya takan faɗi ma'anar kalma kai tsaye. A mai ƙulli kuwa, kowace tambaya tarko ce, sai an kwance ta.

Abin da ya kawo batun a wannan shafi shi ne lafiyar ƙwaƙwalwar iyayenmu. Suleja cike take da ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja su dawo bayan magariba. Ranar da mutum ya cika shekara 60, ko 35 a aikin gwamnati, duk wannan zirga-zirga da lissafi da rubuce-rubuce sai su tsaya cak. Yara sun duƙufa a kan waya, abokan aiki sun watse, tsoho ya koma daga ɗaki sai ƙofar gida. Ƙwaƙwalwar da ta saba da aiki tana bukatar abin da za ta riƙa kokawa da shi, kuma zai fi kyau idan ana kokawar cikin mutane.

Daga ina wasan ya fito?

Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya buga wasan farko a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba 1913. Da ya isa Ingila sai aka ƙara masa gishiri. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa shirya wa jaridar Observer wasa daga 1926, yana cikin waɗanda suka mai da kowace tambaya kacici-kacici. Jaridar The Times ta fara nata ranar 1 ga Fabrairu 1930.

Ba a daɗe ba hukumomi suka gane cewa wanda ya iya kwance irin wannan ƙulli zai iya kwance wanda ya fi shi. A Janairun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar kammala wasanta cikin minti 12. Daga baya sojoji suka tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, aka ɗauke su aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park. A 1944 kuma, makonni kaɗan kafin sojojin ƙawance su sauka a gaɓar Faransa ranar 6 ga Yuni, sai wasu sunayen sirri na shirin, irin su Utah da Omaha da Overlord, suka riƙa fitowa a matsayin amsoshi a wasan jaridar. Jami'an tsaro suka titsiye mai shirya shi, Leonard Dawe, wanda shugaban makaranta ne, kafin su gamsu cewa ba ɗan leƙen asiri ba ne.

'Yan Najeriya ma ba a bar su a baya ba wajen wasa da haruffa. A Nuwamban 2015 Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostireliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan

Wanda ya tashi yana jin “kulin kulifita” da daddare ya san dokar wasan tun kafin ya ga gidan dara a jarida. Mai kacici-kacici yakan siffanta abu da kamannin wani abu daban, mai sauraro ya tono gaskiyar da ke ƙarƙashi, in ya gaza ya ce ya ba da gari. Zaurance kuma, wanda yara da 'yan mata ke yi don kada manya su gane, juya gaɓoɓi ne da cusa wasu a tsakani. Waɗannan dabaru biyu su ne ƙashin bayan saƙar kalmomi mai ƙulli.

Rubutun boko ma ya yi wa Hausa gata a nan, domin ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na iya zama inda mutane ke zaune, yana iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi. Wuya na iya zama gaɓar jiki ko wahala. Kai kuwa na iya zama abin da ake sa wa hula, ko wanda ake magana da shi, ko isar da saƙo. Mai shirya wasa da Hausa yana da irin waɗannan kalmomi masu fuska biyu barkatai.

Yadda ake kwance tambaya

Doka ta farko ita ce, kusan kowace tambaya kashi biyu ce. Kashi ɗaya yana ba da ma'anar amsar, kuma yakan zo ne a farkon jimla ko a ƙarshenta. Ɗaya kashin yana bayyana yadda za a gina kalmar daga haruffa. Lambar da ke cikin baka tana faɗin yawan haruffa. Labarin da jimlar ke bayarwa a zahiri kuwa, shi ne abin da aka ɗana don ɗauke hankali. Ga misalai da aka gina su da abubuwan Suleja.

Na farko, hargitsa haruffa: “Dila ya rikice, ya zama gwanar tukwane (4).” Mai gaggawa zai tsaya tunanin dabbar daji. Kalmar “rikice” ita ce alamar cewa a motsa haruffan D, I, L, A. Sai su ba da LADI, wato Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin a 1954, mace ta farko a wurin, kuma hotonta na jikin takardar naira 20. Kalmomi irin su rikice, hargitse, watse da dagule duk wannan aiki suke yi.

Na biyu, ɓoyo: “Kogi ya ɓuya a cikin jikunansu (3).” Amsar tana zaune a cikin kalmar ƙarshe, daga harafi na biyu zuwa na huɗu: IKU, kogin da garin ke gefensa.

Na uku, ma'ana biyu: “Ta fi rake zaƙi, ga ta kuma tsaye a bakin hanyar Kaduna (4).” A nan ba a taɓa haruffa ba, an dai siffanta kalma ɗaya sau biyu. ZUMA ce, ta ƙudan zuma da kuma dutsen da ke jikin takardar naira 100.

Na huɗu, juyi: “An juya masa ta koma can bisa (4).” Hankali zai tafi ga tanda da mai suya, ko kuma a ɗauka wani mutum aka juya wa wani abu. Abin da ake so shi ne a juya gaɓoɓin ma da sa, su zama SAMA. Turawa harafi-harafi suke juyawa daga ƙarshe, amma da yake kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, juya gaɓa irin na zaurance ya fi dacewa da harshenmu.

Na biyar shi ne haɗi, irin na Sule da ja. A nan akan yi amfani da kalmomi kamar “kan”, “wutsiyar” ko “rabin” don a nuna cewa harafin farko, ko na ƙarshe, ko ɓangaren kalma kaɗai ake bukata.

Idan wasan yana da jigo

Wasan da ya fi ba da wuya shi ne wanda aka gina a kan jigo ɗaya da ba a faɗa ba: sarakunan wani gari, ko sunayen kasuwanni, ko kayan aikin wata sana'a. Wani lokaci mai shirya wasan ma yakan rage bayanin ma'ana a tambayoyin jigon, ya bar mutum da haruffa kawai. Wanda bai gano jigon ba zai yi ta lalube, wanda ya gano kuma rabin aikin ya ƙare.

Gwanaye ba sa farawa da tambaya ta ɗaya su nace a kanta. Sukan karanta duka, su fara da gajeru da waɗanda alamarsu ta fito fili, kamar na hargitsawa da na ɓoyo. Kowace amsa da aka samu tana ba da haruffa ga waɗanda ke ratsa ta. Idan LADI ta sauko a tsaye, harafinta na uku, D, na iya zama harafi na uku na wata kalma mai gurbi bakwai da ke kwance, kuma wannan D ɗin kaɗai ya rage yawan kalmomin da za su shiga.

Da an samu amsa uku ko huɗu, sai a dakata a dube su tare. Me ya haɗa Ladi da Iku da Zuma? Nan jigon zai bayyana. Akan kuma duba kan wasan da ranar da aka buga shi, domin masu shiryawa suna son ranakun tunawa. Daga nan sai a ɗauki wata takarda a jera duk abin da aka sani game da jigon, kowace kalma da yawan haruffanta: unguwanni, sarakuna, garuruwan kewaye, sana'o'i.

Sai dai a nan ne kuma tarko mafi girma yake. Wanda ya gano jigo yakan yi zumuɗi ya riƙa cusa amsa don kawai ta dace da shi. A ce tambaya na neman sarki mai haruffa biyar, kuma kalmomin da ke ratsawa sun ba da A a gurbi na biyu, A a na huɗu, U a na biyar. MAKAU zai shiga, wato Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau da ya baro Zariya a farkon ƙarni na 19, ɗan'uwan Abu Ja. BARAU ma zai shiga daidai. Tarihi ba zai raba gardamar ba, sai ginin tambayar. Idan an ce “Shekarar da ta wuce ta haɗu da kan uwa, sarki ne (5),” to BARA ce da U, Barau ke nan. Idan kuwa an ce “A kuma hargitsa shi, sarki ya fito (5),” haruffan “a kuma” ne za a motsa su ba da Makau. Saboda haka ƙa'idar gwanaye ita ce, ba a rubuta amsa sai ɓangarori biyu na tambayar sun amince da ita, kuma da fensir ake rubutawa.

In abu ya cije, a ajiye takardar a je a yi wata hidima. Masu wasan sun san cewa tambayar da ta gagara da safe sau da yawa takan warware da kanta da yamma, domin hankali ya saki fassarar farko da ya maƙale mata.

Me likitoci suka gano?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa, wadda muke kira gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Kowace shekara ana samun sababbin masu cutar kusan miliyan 10.

Wani bincike da aka daɗe ana yi a kan tsofaffin unguwar Bronx ta birnin Niyok, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa a cikin waɗanda daga baya suka kamu da cutar, masu wasan saƙar kalmomi sun yi jinkirin kimanin shekara biyu da rabi kafin mantuwarsu ta fara gudu. Amma da ta fara, sai ta fi ta sauran sauri. A 2022 kuma masana daga jami'o'in Kolambiya da Duke suka raba mutum 107 masu 'yar mantuwar da ba ta kai gigin tsufa ba gida biyu. Rukuni ɗaya ya riƙa saƙar kalmomi, ɗayan yana wasannin motsa ƙwaƙwalwa na kwamfuta. Bayan mako 78, masu saƙar kalmomi sun fi kyau a gwajin tunani da na hidimar yau da kullum, hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna ba ta motse kamar ta ɗaya rukunin ba.

Akwai kuma binciken da ke ja wa mutane birki. A 2018 masana a Abadin ta Sikotilan, da suka bi diddigin mutum 498 da aka haifa a 1936, sun ce irin waɗannan wasanni ba su rage saurin raguwar tunani da tsufa ke kawowa ba. Abin da suka gani shi ne, wanda ya saba da su tun da ƙuruciya yakan shiga tsufa da jari mai yawa, don haka yakan daɗe kafin ya kai ƙasa.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne, wasan motsa jiki ne ga ƙwaƙwalwa, amma ba ya maye gurbin asibiti. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda idan aka magance su za a iya kauce wa, ko a jinkirta, kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, ƙarancin karatu, da kuma kaɗaici. Dattijon da ke cike gidan dara kullum amma ya daina shan maganin hawan jininsa ya gyara rufi ne ya bar gindin gini yana zaizayewa. Wanda kuma ke yin wasan tare da jikoki da maƙwabta ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin ya motsa tunani kuma ya kori kaɗaici.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Zama tare a kan irin wannan wasa yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: iyali sukan ga canji da wuri. Manta sunan wani a tuna daga baya abu ne da ke samun kowa. Amma idan Baba da ya fi kowa saurin amsa ya fara kasa bin dokar wasan da ya sani, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko lissafin kuɗin cefane ya fara rikice masa, ko ya ɓata a hanyar da ya shekara yana bi, to a kai shi Babban Asibitin Suleja ko wani asibiti mafi kusa. A wasu gidaje akan danganta irin wannan da sammu ko iskoki, har a kai ga jifar tsohuwa da maita, alhali ciwo ne. Wasu abubuwan da ke kawo mantuwa ma suna jin magani, kamar ƙarancin bitamin B12, da damuwa mai tsanani, da illar wasu magunguna. Idan kuwa ruɗewar farat ɗaya ta zo, tare da karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a jiran gari ya waye.

A gwada a gida

Ba sai an sayi komai ba. Takardar lissafi mai gida-gida da fensir sun isa. Yara su zana gidan dara su rubuta, manya su kawo jigo da kalmomi, tunda su suka san sunayen unguwanni da sarautu da kayan aure na da. Kakar da ba ta yi boko ba ita ma tana ciki, domin tambayoyin ma'ana biyu da na juya gaɓa da baki ake amsa su. Tun farko a yi yarjejeniya cewa k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ haruffa ne daban, a kuma tsayar ko sh da ts gurbi ɗaya za su ci ko biyu. A fara da kalmomi shida zuwa takwas. Idan wasan ya zama kowa na amsawa ba tare da ya tsaya tunani ba, a ƙara masa tsauri, domin a wahalar ne amfanin yake. Kada kuma a yi wa wanda ya gaza dariya, musamman dattijo. A ba shi harafin farko ya ƙarasa da kansa.

Ga guda biyar na somin taɓi, duk a kan jigon da aka riga aka sani:

1. Kalmar yabawa, kuma garin da ke kusa da dutse (7).
2. Tsuntsu mai tukku, kuma maƙwabcinmu a Ƙaramar Hukumar Tafa (7).
3. Riga ta juya ta zama Suleja, alal misali (4).
4. Mazubin sabulu a kanti, kuma mahaifar Ladi (5).
5. Rabin tuwo da abin da ake ji a gaban surukai, aikin Ladi ne (7).

A rufe layin da ke ƙasa da hannu har sai kowa ya gwada. Wanda ya ba da gari, ga amsoshin: Madalla, Gauraka, Gari, Kwali, sai ta biyar, Tu da kunya, wato Tukunya. Mako mai zuwa kuma sai yaran gidan su shirya nasu, su ɗana wa manya.